Ranar Da Aku Ya Yi Gum

Shafi na 23

Masu cika min waya da "a ci gaba, a ci gaba" kamar ba ni da wanki a gida, to ga shi nan, ku bar ni in numfasa. Wanda yau ya faɗo cikinmu kuma, ga inda aka kwana. Tafinta ba ta gani tun tana 'yar firamare. Da kunne take aiki da kwamfuta, akwai wata manhaja da ke karanta mata duk abin da ta taɓa, ita ta raɗa mata suna Aku saboda surutunta. Yau da ƙarfe biyu na rana za ta zauna jarrabawar wani kamfanin fassara ta intanet. In ta ci, aiki ne, har da ɗakin kanta a wani gari. Manhajar jarrabawar ta ƙi hawa tsohon tsarin kwamfutar, shi ya sa shekaranjiya, tana can taron ƙungiyarsu ta makafi, Yayanta ya kawo abokinsa mai gyara ya goge komai ya ɗora sabon tsari. Tun daga ranar Aku bai ƙara cewa uffan ba.

*

Rana ta yi tsaka, Tafinta tana nan inda ta zauna tun da ta idar da sallar asuba.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta zare kebul ɗin sifika ta mayar. Ta sa iyafis a kunne, shiru. Ta ciro wani iyafis ɗin daga jaka, shi ma shiru. Ta danna maɓallin ƙara murya har yatsanta ya yi zafi, ta danna na rufe murya ko da an rufe ne ba ta sani ba, ta kashe kwamfutar ta kunna, ta sake kashewa ta sake kunnawa. Fankar ciki tana juyawa lafiya lau, ta ɗora tafin hannu a jikin akwatin tana jin ɗuminsa. Kwamfuta da ranta, baki ne kawai babu.

"Aku, yau ka ga damar yi min haka?" ta ce a hankali. "Kai da ko tari na yi sai ka karanta min?"

Kun dai san kwamfutar Tafinta. Akwati ne a ƙarƙashin tebur, sai kibod, sai sifika biyu. Allon kallo babu, ta daɗe da kyautar da shi. Da aka tambaye ta dalili cewa ta yi, me zan yi da shi, in rataya mayafi? Amma gaskiyar magana ita ce, a duk gidan nan kwamfutar nan ce kaɗai wurin da ba a leƙa ta. Abincinta ana duba mata, kayanta ana zaɓa mata, ko banɗaki ta daɗe sai an ƙwanƙwasa an ce lafiya. Nan kam, ta sa iyafis, duniya tata ce ita kaɗai.

Ta ji takun silifas ɗin Yaya tun daga falo. Yau ma bai fita shago ba, wai kansa ke ciwo.

"Tafinta, har yanzu ana fama?"

"Ana fama. Ina abokin naka?"

"Na kira shi, ya ce yana hanya."

"Jiya ma yana hanya. Hanyar nan ta ina ta bi ne, Yaya?"

Ya yi 'yar dariya ya jingina da ƙofa, ta ji ƙarar katakon.

"Ke dai ba kya rabo da baƙar magana. Ni shawara zan ba ki, ki haƙura. In abu ba rabonka ba ne, ko ka yi tsalle ka dire ba za ka samu ba. Wataƙila Allah ne ya kare ki daga wani abin."

"To bari in ga ƙarshen ƙoƙarina tukuna, sai in san ba rabona ba ne."

"Wane ƙoƙari kuma ya rage? Tun safe abu ɗaya kike buɗewa kina rufewa. Ɗan akwatin nan mai alamar sifika, ki buɗe ki rufe, ki buɗe ki rufe. Ai ko mai ido ya gaji."

Yatsunta suka tsaya cak a kan kibod.

Ta juyo da fuskarta saitin muryarsa a hankali.

"Yaya."

"Na'am."

"A ina ka ga akwati mai alamar sifika?"

"A'a, wai dai... ai haka ake yi, kowa ya sani."

"Kwamfutata ba ta da allo, Yaya. Ni kaina ban san yana da alamar sifika ba, sai yanzu da ka faɗa."

"Ke, kin cika fassara magana. Shi ya sa aka sa miki sunan." Ya juya, silifas ɗin suka yi falo da sauri fiye da yadda suka zo.

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza.

Tafinta ta ture kujera ta durƙusa ta shige ƙarƙashin tebur. Ta kai hannu bayan akwatin. Ta san bayan kwamfutar nan kamar yadda ta san haƙoran bakinta. Ga na wuta. Ga na kibod. Ga na sifika da ta wuni tana zarewa. Ga na intanet. Ta gangara da yatsa ƙasa, can lungun da ba ta taɓa buƙatar taɓawa ba, sai ta ci karo da baƙo. Kebul ne mai kauri, kansa a baje, an cusa shi daram.



Ta kama shi ta fara bi, hannu bayan hannu, gwiwoyinta a kan siminti. Ya bi gindin bango. Ya shige bayan durowar kaya, ta ture durowar da kafaɗa, ƙura ta shaƙe ta ta yi atishawa. Ya ci gaba har zuwa ɗan ramin nan da aka taɓa hudawa a bango don wayar eriya tun Baba na da rai. Kebul ɗin ya shige ramin ya ɓace.

Ba sai an faɗa mata abin da ke bayan bangon ba. Talabijin ɗin falo ce.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ta lalubo wayarta a aljihu. Ita wayar tana da tata muryar, sai dai kamfanin sun ce ba a zana jarrabawarsu a waya. Lambar mai gyara tana nan, don shekaranjiya ya kira ta yana tambayar kalmar sirri. Duk kwanakin nan ba ta kira shi ba ne saboda Yaya ya ce, bar ni da shi, abokina ne.

Bugu biyu ya ɗauka.

"Injiniya, Tafinta ce. An ce kana hanya."

"Hanyar ina, ƙanwata?"

"Gidanmu. Ba a kira ka ba?"

"Wallahi babu wanda ya kira ni. Lafiya dai?"



"Tun da ka tafi kwamfutata ba ta yi magana ba."

"Kai! Ai da kunnena na ji ta tana surutu kafin in tafi. Har Innarku tana dariya tana cewa..." Ya katse. "Au. Tsaya. Ba a cire kebul ɗin talabijin ba ko?"

"Shi nake riƙe da shi yanzu. Na mene ne?"

"Kin ga, ba a ɗora sabon tsari sai da allo, ke kuma ba ki da shi. Shi ne na jona da talabijin ɗinku ta ramin nan. To shi irin wannan kebul ɗin ba hoto kaɗai yake ɗauka ba, har da sauti. Muddin yana jone, kwamfuta can take tura murya. Zare shi, za ta dawo sifika."

Ta rarrafa ta koma ƙarƙashin tebur ta fizge shi. Ta tashi ta danna kibod.

Shiru.

"Babu."

"Kashe ki kunna."

Ta kashe. Ta kunna. Ta jira fanka ta daidaita. Ta danna maɓallan da ke ta da Aku.

"Babu, Injiniya."

Ta ji ya ja tsaki, shi da kansa yake yi wa.

"Laifina ne. Direban sauti ne ban ɗora ba. Wata 'yar manhaja ce da ke haɗa kwamfuta da ramin sifika da na iyafis, sabon tsari bai zo da ita ba. Da na ji magana ta talabijin sai na ɗauka komai ya zauna."

"Zo ka ɗora."

"Ina bayan gari ana haɗa wa wata makaranta kwamfutoci. Ko yanzu na taso ba zan iso ba sai bayan la'asar."

"Ƙarfe biyu ake buɗe jarrabawa, kuma sau ɗaya ake buɗewa."

"To ƙanwata, dabara ɗaya ce yau. Mayar da kebul ɗin, a kunna talabijin a ƙure murya. Ki bar ƙofarki a buɗe, za ki ji. Maɓallan da kika ce in saita miki na buɗe jarrabawar suna nan yadda kika ce."

"Na ji. Saura tambaya ɗaya. Me ya sa ka tafi ka bar shi a jone?"



"Na sunkuya zan cire aka ce in bari."

"Wa ya ce?"

"Don Allah kar ki sa ni a tsakiyar maganar gida."

"Yaya ne?"

"Ana kirana, ƙanwata. Allah ya ba da sa'a."

Ƙit, ya kashe.

Tafinta ba ta yi kuka ba. Masu jiran ta yi kuka a wannan shafin ku yi haƙuri, ba ku san ta ba ne. Ta mayar da kebul ɗin inda ta same shi, ta karkaɗe gwiwoyinta, ta gyara ɗankwali, ta fita falo ko sanda ba ta ɗauka ba.

Falon shiru, amma kunnenta ya kama wannan siririn zuuu ɗin da talabijin ke yi in tana kunne an rufe mata murya. Kwana biyu tana jin sa in ta wuce, ta ɗauka ƙwallo Yaya ke kallo ba ya son damun mutane. Ga numfashin Yaya a doguwar kujera. Ga Inna a gefen taga tana ninke wanki, ƙamshin sabulu ya cika wurin.

Ta je ta tsaya a gaban talabijin ɗin, ta ɗora hannu a kanta. Da ɗumi.

"Yaya, me ake nunawa?"

"Labarai ne."

"Labaran wa? Nawa?"

"Ke, wai me ke damun ki yau?"

"Na yi magana da Injiniya. Ya ce a gaishe ka, ya daɗe bai ji muryarka ba."

Yaya ya gyara zama, kujerar ta yi ƙara.

"Kwana biyu," ta ce. "Kwana biyu ina ɗaki ina lalube kamar wadda aka jefa rijiya, kai kana nan ka miƙe ƙafa kana kallona a babban allo. Ka ga na buɗe, ka ga na rufe, ka ga na ɓata hanya. Ka san inda muryar take. Maɓalli ɗaya za ka danna. Ka shigo kana ce min wai ba rabona ba ne. Ashe kai ne mai rabon!"

"Ki iya bakinki, ni ba sa'anki ba ne."

"Da ka tuna kai babba ne da ba ka yi wannan ba."

"To na yi!" Ya miƙe tsaye. "Na yi ɗin! Ke kin san garin da kike cewa za ki? Wa zai tsallakar da ke titi? Wa zai duba miki ko an zuba miki wani abu a abinci? In kika kwanta ciwo wa zai sani? Mutane su ce mun gaji da ke mun wurgar?"

"Yawwa, ga ta nan. Mutane su ce. Ba ni kake ji ba, bakin mutane kake ji."

"Ke ba kya ganin abin da muke gani."

"Gaskiya ne, ba na gani. Amma titin da kake magana, wa ya tsallakar da ni duk shekarun da na yi ina zuwa jami'a? Kana shago. Na faɗa kwata, na tashi, na wanke ƙafata, washegari na koma. Ban taɓa zuwa na ce maka Yaya na fasa ba. Ba a gwada ni an ga na kasa ba, ku kuka hana a gwada ni."

Ta miƙa hannu.

"Ba ni rimot."

Maɓallin jikin talabijin ɗin ya daɗe da mutuwa, duk gidan an sani, in babu rimot ba a yi mata komai.

"Ba ya wurina."

"Yaya, kar ka ƙara min ƙarya a kan ƙarya."

"Na ce ba ya wurina!"

Ta juya wajen taga. Muryarta ta sauko, don a duk rigimar nan tun farko Inna ce kaɗai ta ce mata Allah ya ba da sa'a. Inna ce ta sa mata albarka ranar da ta nemi aikin, har ta ce za ta ɗinka mata sababbin labule na ɗakin can.

"Inna, kina ji fa. Ki sa baki. Ki ce ya ba ni."

Hannun Inna ya daina ninke kaya.

"Yana wurina, 'yar nan."

Tafinta ta yi tsaye da hannu a miƙe.

"Ni na ce wa yaron nan ya bar igiyar," Inna ta ce. "Yayanki bai ma so ba da farko. Ni na ce ya zauna ya riƙa faɗa min abin da kike yi, tunda ni ba karatu na iya ba. Ni na ce kar a kira mai gyara sai gobe."

Wallahi da mari Inna ta yi mata da ya fi sauƙi. Tafinta ta dafa talabijin ɗin.

"Ke, Inna?"

"Ni."

"Ke da kika sa min albarka?"

"Bakina ya sa. Zuciyata ba ta taɓa yarda ba." Muryar Inna ta fara karyewa. "Ranar da ciwon nan ya tafi da idonki a bayana kike, ni na goya ki zuwa asibiti, ni na goyo ki muka dawo kina tambayata wa ya kashe fitila. Tun ranar ban yi barci mai nauyi ba. Ko juyi kika yi ina ji. Yanzu ki ce za ki tafi inda ko kin kira ni ba zan ji ba? In na ce kar ki je, ki ce na tauye ki. Shi ne na ce bari abin ya wuce da kansa, ki ɗauka na'ura ce ta lalace, ki yi fushi da na'ura, kar ki yi fushi da ni."

"Sai ki bar ni in ɗauka ni ce na kasa."

Tafinta ta ci gaba.

"Kin san me na kwana ina faɗa wa kaina jiya? Cewa nake, ashe gaskiyar mutane ne, ƙaramin abu ya lalace na zama ba kowa ba. Har na fara yarda, Inna. Ciwon bai taɓa sa na yarda da haka ba, sai ku."

"'Yar nan..."

"Idona ciwo ya ɗauka, wannan na Allah ne, na karɓa. Kunnena kuma a gidanmu aka ɗauke."

Yaya ya yi gyaran murya. "To ai yanzu kin ji dalili. Ki zauna a yi magana a tsanake."

"Ƙarfe nawa?"



Ta danna wayarta, wayar ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Biyu saura kaɗan.

Ta taka har gaban Inna. Ta san rimot ɗin yana cinyarta, ƙarƙashin wankin, ta ji ƙarar robarsa da Inna ta motsa. Taku ɗaya ne da miƙa hannu. Yaya ma ya matso, yana zaton abin da za ta yi kenan.

Ta mayar da hannayenta baya ta harɗe.

"Ba zan ƙwata ba. Ba a ƙwace a hannun uwa, ba haka kika rene ni ba. Kuma ba zan roƙa ba, don ba alfarma nake nema ba."

"To me za ki yi?" in ji Yaya.

"Jarrabawa zan zauna."

"Ba murya?"

"Ba murya. Zan buɗe ta, in rubuta abin da ya zo hannuna, ban san me aka tambaya ba. Ku kuma ga allo nan, babba ne. Ka zauna ka karanta wa Inna yadda nake faɗuwa, layi bayan layi, kar ka tsallake ko ɗaya. In ya so gobe in an tambaye ku, ba na'ura za ku ce ba."

"Ke dai akwai taurin kai!"

"A nono na sha."

Ta juya. Kafaɗarta ta bugi gefen ƙofa, abin da rabon ta da yi tun tana yarinya, amma ko tsayawa ba ta yi ba. Ta buɗe ƙofar ɗakinta har bango ta tokare ta da takalmi. Ta ja kujera ta zauna. Ta goge tafin hannunta a zani, don gumi ya jiƙa su. Ta lalubo 'yan ƙusoshin nan biyu na kan kibod da ke nuna wa yatsa mazauninsa, ta jera yatsunta.

Wayarta ta ce ƙarfe biyu.

Ta yi bismillah ta danna maɓallan buɗe jarrabawa.

Fanka ta ƙara gudu. Wani abu ya buɗe, ta sani, lokaci ya fara tafiya. Kalmomi suna can a bangon falo, manya-manya, kowa na ganin su ban da mai su.

Shiru.

Ta ɗaga kai ta tsare ƙofa da fuskarta, haƙoranta a datse.

Can ta ji an ture kwandon wanki. Ta ji numfashin Inna mai nauyi, irin na wadda ta sha kuka a ciki. Sai muryarta, ƙasa-ƙasa, ta biyo ta ramin bango.

"Kai, zo nan. Nuna min. Wanne ne na ƙara murya?"

"Wannan, Inna."

"Wanne ne kuma na kashe talabijin ɗin gaba ɗaya?"



"Wannan jan na sama."

"To matsa ka ba ni wuri."

Tafinta ta riƙe numfashi, yatsunta a kan kibod.

Ta ji Inna ta danna maɓalli ɗaya. Na ƙara murya ne ko jan nan ne, sai mun haɗu a shafi na gaba.